Kilin Kawu: dokin da ake ƙara wa dusa yana ƙara zubewa

Kawuna yana da dawaki huɗu a wani fili bayan gidaje a yankin Aja, kan hanyar Lekki zuwa Epe. Sana'arsa ke nan tun lokacin da ake hawan doki a Bar Beach, kafin a cike wurin a soma gina Eko Atlantic. Juma'a, Asabar da Lahadi yaransa kan kai dawakin bakin teku, masu shan iska su hau, a ja ragama a zaga da su, a ɗauki hoto, su biya. Da abin da dawakin nan ke kawowa yake riƙe gida biyu, na nan Legas da na can Gumel. Ni kuma malamin dabbobi ne, ina zaune a Agege, akasarin aikina kan shanu da raguna.

A cikin huɗun akwai wani kili da ya sayo a kasuwar Maigatari shekara uku da suka wuce. Ba a raɗa masa suna ba, Kili kawai ake ce masa. Shi ne mai haƙurin cikinsu. Yaro ɗan shekara biyar zai hau shi yana ihu yana bubbuga ƙafa, Kili ko kunne ba zai kaɗa ba. Wannan haƙuri ne ya sa ya fi sauran aiki.

A watan Afrilu Kawu ya buga mini waya ya ce Kili yana zubewa. Ban je ba. Daga Agege zuwa Aja, in cunkoso ya riƙe mutum, rabin yini ne, ga aiki ya yi mini yawa. Sai na ce a ba shi maganin tsutsa, a ƙara masa abinci. Kuskuren farko a wannan lamari nawa ne, don ban faɗi wane magani ba, ban faɗi nawa za a ba shi ba, ban kuma tambayi wane abinci yake ci ba balle in ce a ƙara. Yaron barga ya sayo ƙwayar maganin tsutsa irin ta raguna, ya ba shi guda biyu. Kawu kuma ya ƙara dusa. Mako biyar suka wuce a haka.

Abin da na tarar

Ƙarshen watan Mayu na je. Tun daga bakin filin na gane shi, kuma raina ya ɓaci. Haƙarƙarinsa a fili, ana iya ƙirga su daga nesa. Ƙashin baya ya taso kamar kunya a gona, ƙasusuwan ƙugu sun yi tsini, wuya ya sirance, gashi ya yi furu-furu ba sheƙi. Ciki kuwa ya yi tulu, shi ne ma abin da ya daɗe yana yaudarar su, suna ganin ai mai wannan ciki ba ya jin yunwa. A doronsa, inda sirdi ke zama, akwai miki guda biyu, don naman da ke tare sirdi daga ƙashi ya tafi.

Akwai ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9 da wani masani ɗan Amurka, Don Henneke, ya tsara a jami'ar Texas A&M a 1983. A mataki na 5, wanda ake so, ba a ganin haƙarƙari da ido amma hannu yana jin su. Kili yana kan 3. Ba mu da sikelin ɗora doki, sai na ari tef ɗin tela. Ana auna kewayen ƙirji daidai inda ake ɗaure sirdi, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Kewayen Kili 158, tsawonsa 148, ya ba mu kilo 311 ko kusa da haka. Doki mai wannan ƙira ya kamata ya kai wajen 350. Zafin jikinsa digiri 38, daidai yake, don lafiyayyen doki tsakanin 37.5 da 38.5 yake zama. Bugun zuciya 40 a minti. Dasashinsa ya ɗan koɗe.

Na ce, "Kawu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku nuna mini duk abin da yake ci daga asuba zuwa dare, kada a ƙara kada a rage."

Ya ce, "Ɗan nan, wallahi ko ni ban kai dokin nan cin abinci ba. Dusa har ture ta yake yi."

Gaskiya ya faɗa. Na zo da sikelin ƙugiya irin na masu nama, muka rataye shi a jikin rumfa, muka auna komai ɗaya bayan ɗaya. Dusar alkama kilo 3 da rabi a rana. Dawa tsaba, ba ɓarzajjiya ba, kilo 1 da rabi. Ana raba su biyu, safe da dare. Ɗanyar ciyawa da yara ke yankowa a bakin fadama buhu ɗaya, kilo 12. Harawa ƙulli ɗaya, da ƙyar ta kai kilo 1, ita ma ba kullum ba.

A nan matsalar take, kuma ita ce ta yawancin dawakin 'yan uwanmu a Legas. Doki dabbar ciyawa ne. A kiwo yakan shafe awa 14 zuwa 16 kansa a ƙasa yana tsinka. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ita ce a ba shi ciyawa da harawa da nauyinsu a bushe ya kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana. Ga dokin da ake so ya koma kilo 350, kilo 5 da kwata zuwa 7 ke nan. To ɗanyar ciyawar damina kashi uku cikin huɗu ruwa ce, wani lokaci ma ta fi. Buhun nan na kilo 12 da ke cika ido, in ka shanya shi, kilo 3 zai rage. Ka haɗa da harawa, Kili yana samun kilo 4 a ranar da aka yi masa adalci. A ranakun aiki kuwa, daga hantsi har magariba yana nitsa ƙafa cikin yashi da mutum a bayansa, bakinsa ba ya taɓa komai sai ruwa bokiti ɗaya.

Ban ga laifin Kawu ba, kuma ba na so mai karatu ya gani. A Gumel harawa a bayan ɗaki take, kara da ingirici ba a ma lissafa su. A Legas kuwa harawa sai ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan mota kafin ta sauka kasuwannin dabbobi irin ta Agege, kuma kowane mai hannu a hanya sai ya ɗora nasa. A shekarar da abin nan ya faru Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, masu raguna sun yi wa harawa rubdugu, farashi ya tashi. Dusar alkama kuwa ga ta nan kusa, daga kamfanonin fulawa na Apapa take fitowa, buhu guda ya daɗe ana ɗiba. Mutum mai baki goma a wuyansa dole ya karkata inda sauƙi yake. Sai dai araha ba ta ado. Dusar alkama tana da sinadarin fosforas da ya ninka kalsiyam ɗinta kusan sau goma, alhali jikin doki yana son kalsiyam ya rinjayi fosforas. In aka daɗe ana cika shi da ita, jiki yakan dinga zaro kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, doki ya riƙa ɗingishi ba tare da ciwon da ake gani ba. Kili bai kai nan ba, amma hanyar ya kama. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu cike wannan giɓi, don suna da kalsiyam da furotin, kuma su ne aka janye masa.

Baki, kashi da jini

Ruwa ba ya tsami banza. Sauran dawaki ukun abinci iri ɗaya suke ci, ba su yi ƙiba ba amma ba su zube kamar Kili ba. Ke nan akwai wani abu nasa na daban.

Na tsaya na kalli yadda yake ci. Yakan ɗebi ciyawa, ya karkata kai gefe, ya tauna a hankali, sai ya saki wani dunƙule jiƙe da yawu ya faɗo ƙasa. A gindin turkensa na tsinci irin waɗannan dunƙulaye sun fi goma. Yaron barga ya ce, "Yaya, ai tsirfa ce kawai, zaɓen ciyawa yake yi." Sannan ga kajin maƙwabta sun yi dafifi a kan kashinsa. Na tona da tsinke, ga dawa nan tsaba-tsaba, yadda ta shiga haka ta fito. Kuɗin Kawu kaji ke cinyewa.

Aikin haƙorin doki ba nawa ba ne, ba ni da kayansa. A Ikoyi, inda ake buga ƙwallon dawaki tun 1904, da yawa daga cikin masu kula da dawakin 'yan Arewa ne, kuma ta hannun wani ɗan garinmu da ke can muka sami likitan da ya saba da bakin doki. Ya zo bayan kwana biyu, ya yi wa Kili allurar kwantar da jiki, ya sa ƙarfen buɗe baki, ya haska fitila ya ce Kawu ya leƙa da kansa. Turamen doki suna ta fitowa a hankali, milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma tana cinye su. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka gefen waje na turamen sama da gefen ciki na turamen ƙasa ba sa samun guga, sai su yi kaifi. Dokin da ke tauna doguwar ciyawa yana juya muƙamuƙi sosai, kaifin ba ya saurin taruwa. Mai cin dusa kuwa taunarsa gajeriya ce. A bakin Kili kaifin ya yayyanka cikin kumatu biyu, har da wani tsohon miki a gefen harshe. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ashe da wuƙa a baki yake cin abincin." Likita ya goge kaifin da magagari, aikin bai kai awa ɗaya ba.

A nan ne kuma muka san shekarunsa. Akwai wani tsagi da ke bayyana a haƙorin gaba na gefe, na sama, in doki ya kai wajen shekara 10, ya sauko rabin haƙorin wajen shekara 15. Na Kili ya kusa rabi. Dillali ya ce wa Kawu ɗan shekara bakwai ne lokacin saye. A gaskiya yanzu yana wajen 14.

Kashin ma ya yi magana. Na ɗebi curi shida daga sama, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, na zuba a safar hannu ta leda, na cika da ruwa, na dama, na rataye. Bayan 'yan mintoci yashi ya kwanta a kan yatsun safar, ya fi cokalin shayi. Dalili a fili yake: a ƙasa ake zuba masa ciyawa, ƙasar Aja kuwa yashi ce zalla, kuma doki mai yunwa har ɓurɓushi yake lasa. Yashi yana da nauyi, yana kwanciya a babban hanji, ya goge bangonsa, ya hana abinci shiga jiki, wata rana ya toshe hanya gaba ɗaya. Sauran kashin muka kai ɗakin gwaji, aka ƙirga ƙwan tsutsa sama da 500 a giram ɗaya, wanda a doki ana lissafa shi da yawa. Ƙwaya biyu ta rago ba ta yi wa mai kilo 311 komai ba. Kanwar da Kawu ke jiƙa musu duk mako, wadda ya gada a matsayin mai wanke ciki, ita ma ba ta taɓa tsutsar ba.

Jini ya nuna ƙaranci kaɗan. Abin da muka fi tsoro shi ne sammore, don kurmi ƙasar ƙudan tsando ce, sai kuma cutar da kaska ke sa wa jini. Ba a ga ko ɗaya ba. Amma gwaji ɗaya yana iya kuskure su, don haka na bar wa yaron barga ma'aunin zafi, na ce kowace asuba ya auna ya rubuta a bango da gawayi har mako biyu. Bai taɓa haura 38.3 ba.

Abin da muka yi, da inda muka yi tuntuɓe

An ba shi maganin ivermectin na baki daidai nauyinsa, miligiram 0.2 ga kowane kilo, aka sake gwada kashi bayan kwana 14, ƙwan ya kusa ɓacewa. Aka yanka durom biyu aka yi masa mazubin abinci, aka shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba a ƙasa. Aka matsar da turkensa nesa da akawal ɗin Kawu, wato baƙin dokinsa, wanda ashe yakan miƙo wuya ya kwashe masa rabo.

Abincin kuwa a hankali muka juya shi, cikin kwana 12, don ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a babban hanjin doki ba sa son sauyin gaggawa. Harawa ta tashi daga kilo 1 zuwa 3. Aka samo ingirici kilo 2. Ɗanyar ciyawa ta ci gaba, amma a bar ta ta sha iska ta yi yaushi tukuna, kuma a daina yankowa a bakin kwata da gefen titi. Dusa ta sauko zuwa kilo 1, a jiƙa ta. Dawa kilo 1 da rabi ɗin nan dai, amma a ɓarza, a raba uku, kuma kullum harawa ta riga ta shiga ciki. Muka ƙara man gyaɗa, daga cokali uku har zuwa kofin shayi ɗaya cikin mako uku, don mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu kuma ba ya tayar da ciki in an bi a sannu. Gishiri cokali biyu a rana. Ruwa kuma ya zauna a gabansa dare da rana. Doki yakan sha lita 25 zuwa 40, a zafin Legas mai sa gumi ma ya wuce haka.

Wani maƙwabcin Kawu mai kiwon kaji ya kawo shawarar a riƙa haɗa masa da abincin kajin gidan gona, wai yana sa ƙiba da wuri. Na roƙi Kawu da girman Allah kada ya yarda. Akan sa wani magani mai suna monensin a wasu abincin kaji da na shanu, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi. Haka na hana allurar ƙiba da ake tallatawa a kasuwar dabbobi.

Inda muka yi gardama ta gaske shi ne hutu. Na ce mako shida ba sirdi. Kawu ya ƙirga da yatsa, ya ga makon Sallah ya faɗa tsakiya, makon da bakin teku ke cika maƙil, wanda cinikinsa ke biyan kuɗin makarantar yara. Ya ce, "Kai albashi kake ɗauka, ɗan nan. Ni dokin nan ne albashina." Ban da amsar da ta fi tasa nauyi. Na dai nuna masa mikin doron, na ce in aka ɗora sirdi a kan wannan, abin da za a rasa ya fi mako guda. Ya kwana biyu bai ɗauki wayata ba. A rana ta uku ya kira ya ce Kili zai zauna.

Yaron barga ne bai haƙura ba. Yana son dokin, shi ke kwana kusa da shi, kuma a ransa in Kili ya murmure kafin Sallah, Kawu zai sauya magana. Sai ya riƙa sayo masara da kuɗinsa yana ƙara masa mudu guda da dare, ba wanda ya sani. A dare na huɗu, cikin mako na uku, Kili ya ƙi abinci, ya soma tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, gumi na zuba. Ƙarfe ɗaya na dare suka kira ni, ni kuma na tashi likita. Allah ya taƙaita, iska ce ta cika hanji ba murɗewa ba. Da allurar rage ciwo da zagayawa da shi a hankali, kafin asuba ya yi kashi ya nemi harawa. Kwana uku muna taɓa kofatansa muna duba ko sun yi zafi, don hatsin da ya yi yawa yakan sauka a ƙafa ya kumbura naman cikin kofato, ciwon da kan nakasa doki har abada. Ba su yi ba.

Da safe yaron ya faɗi gaskiya yana hawaye. Kawu ya ɗaga murya, na ce ya bar shi, don abin da yaron ya yi shi ne abin da mu manya muka yi tun Afrilu. Na zaunar da shi na zana masa a ƙasa. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, kuma yana zubo ruwan tsami ba dare ba rana, ko da abinci ko babu, shi ya sa dogon zama da yunwa ke yi masa gyambo. Hatsin da ya fi ƙarfin ƙaramin hanji yakan wuce babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ya kashe halittun da ke aikin ciyawa. Ya ce, "Yaya, ni na ɗauka ƙarfi a hatsi yake." Na ce yana nan, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar shi ke riƙe da sikelin, kuma ban sake samun awo ya kauce ba.

Sai matsalar ajiya. Yuni da Yuli ruwa ba ya ɗagawa a Legas, laima tana shiga komai. Dami biyu na harawa da aka jingine a ƙasa cikin ɗakin kwano sun yi fumfuna cikin kwana goma, in ka buɗe sai ƙura fara ta tashi da wari. Kawu ya so a shanya a ba su, na ce a ƙone. Fumfuna tana sa doki tari da haki, ta masara kuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka kafa katako aka ɗaga ajiyar daga ƙasa, aka buɗe tagogi biyu, aka koma sayen abin da zai ƙare cikin mako biyu.

Mako huɗu na farko tef bai nuna komai ba sai santimita ɗaya, har Kawu ya soma yi mini kallon tambaya. Abin da ya fara sauyawa shi ne kashi: ba dawa a ciki, kaji suka daina zuwa, yashin safa ya ragu zuwa ɗan gurbi. Sai dunƙulayen ciyawa suka ɓace. Mikin doro ya rufe a mako na biyar. A mako na takwas gashi ya kwanta ya soma ɗaukar ido, tulun cikin ya koma, kuma ranar nan ya yi haniniya ya ja turke da ya hango goɗiya, abin da Kawu ya ce rabonsa da shi tun azumi.

Farkon Satumba, mako 14 da zuwana na farko, kewayen ƙirjinsa ya kai 165, wato kilo 339. Haƙarƙari sai an sa hannu, na ba shi 4 da rabi. Ya koma bakin teku Asabar da Lahadi kaɗai, manya masu jiki ba sa hawansa, kuma ana tafiya da buhun harawa da jarkar ruwa, duk awa biyu a sassauta sirdi ya ci ya sha. Likita zai dawo duba bakinsa bayan wata shida. Kawu da wasu masu dawaki uku sun haɗa kuɗi sun aika Gumel, in kaka ta yi a saya musu harawa a gona, direban da ke kawo raguna ya ɗoro musu kashi-kashi.

Ranar da na yi wannan awo na ƙarshe, ina haɗa kayana, yaron barga ya ja ni gindin turken akawal ya tona kashinsa da tsinke. Dawa ce a ciki, tsaba-tsaba. Mun sa ranar Talata mai zuwa a buɗe bakinsa.